Kurame baƙaƙen fata a Amurka: Yadda wariya ta raba su da 'yan uwansu har a maganar hannu

A shekarar 1925 aka gurfanar da wani matashi mai suna Junius Wilson a gaban shari'a a jihar North Carolina da ke Amurka, bisa zargin yunƙurin fyaɗe. Shekarunsa 17 a lokacin. Baƙar fata ne, kuma kurma.

An yi masa tambayoyi bai amsa ba, domin bai ji abin da ake faɗa ba. Shi ma da ya motsa hannuwansa babu wanda ya gane abin da yake nufi. Daga nan aka yanke cewa yana da taɓin hankali, aka tura shi asibitin mahaukata na baƙaƙen fata da ke garin Goldsboro. Bayan wasu shekaru aka yi masa dandaƙa, kamar yadda dokar jihar ta ba da dama a wancan zamani.

Wilson ba mahaukaci ba ne. Yana da yaren da yake magana da shi, wanda ya koya a makarantar kurame da makafi baƙaƙen fata da ke birnin Raleigh, inda ya shafe kimanin shekara takwas. Matsalar ita ce yaren hannun da ake yi a wannan makaranta ya sha bamban da wanda kurame fararen fata ke yi. Don haka ko waɗanda suka iya maganar hannu, idan sun zo wurinsa a asibitin, sai su kasa fahimtarsa.

An janye tuhumar da ake yi masa a shekarun 1970, amma aka ci gaba da riƙe shi. Sai a farkon shekarun 1990 wani ma'aikacin jin daɗin jama'a da aka ba alhakin kula da shi ya duba takardunsa, ya ga babu dalilin tsare shi. A 1994 aka fitar da shi daga ɗakin da ake kullewa, aka ba shi wani ɗan gida a harabar asibitin. A nan ya rasu a 2001, bayan ya yi shekara 76 a wurin.

Labarin Wilson, wanda masu bincike biyu, Susan Burch da Hannah Joyner, suka rubuta littafi a kansa a 2007, shi ne mafi muni da aka sani. Amma tushensa, wato haɗuwar kurumta da baƙar fata a jikin mutum ɗaya a ƙasar da ta ware kowanne daga cikinsu, abu ne da dubban mutane suka rayu da shi.

Makaranta biyu, yare biyu

Da farko akwai wani kuskure da ya kamata a kawar. Mutane da dama na ɗauka maganar kurame iri ɗaya ce a duk duniya, ko kuma kwaikwayo ne kawai da hannu. Ba haka ba ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce akwai yarukan hannu fiye da 300, kowanne da nahawunsa da ƙa'idojinsa. Kurman Amurka da na Ingila ba sa fahimtar juna kai tsaye, duk da cewa ƙasashen biyu Turanci suke yi. Yaren kurame na Amurka, wanda ake kira ASL a taƙaice, ya fi kusa da na Faransa, saboda wani malami kurma Bafaranshe, Laurent Clerc, yana cikin waɗanda suka kafa makarantar kurame da ke Hartford a 1817.

Yaren kurame a makaranta yake yaɗuwa, ba a gida ba. Dalili kuwa shi ne fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne. Yaro zai taso a gida babu mai yi masa magana da yaren da zai gane, sai ranar da aka kai shi makarantar kwana ya tarar da irinsa. A ɗakin kwana da filin wasa yake koyon magana daga manyan ɗalibai. Saboda haka duk wanda ya raba makarantun kurame, to ya raba yarensu.

Abin da ya faru ke nan a jihohin kudancin ƙasar Amurka. Bayan yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta, North Carolina ta buɗe makarantar kurame baƙaƙen fata a 1869, wadda ita ce ta farko, kuma ita ce Wilson ya halarta daga baya. Sauran jihohi suka bi sahu. Wasu suka gina makarantu daban, wasu kuma suka ware sashe a cikin makaranta ɗaya. An yi wannan tsari a jihohi 17 da kuma babban birnin ƙasar, Washington.

Kotun Ƙolin Amurka ta haramta wariya a makarantun gwamnati a 1954, amma makarantun kurame sun yi jan ƙafa. Jihar Louisiana ba ta haɗe nata ba sai a 1978. Ke nan fiye da shekara 100 yara kurame baƙaƙe da farare suna tasowa a gari ɗaya, wani lokaci tazarar 'yan kilomita tsakaninsu, ba sa ganin hannun juna.

Ranar da Carolyn ta kasa gane malamanta

A 1968 wata yarinya 'yar shekara 15, Carolyn McCaskill, ta bar makarantar kurame baƙaƙen fata da ke Talladega a jihar Alabama, ta koma ta fararen fata a garin, tare da wasu ɗalibai 'yan ƙalilan. Ta sha ba da labarin cewa da ta shiga aji sai ta ga malamai da ɗalibai suna ta magana da hannu, amma ta kasa bin abin da suke faɗa, tamkar wani yaren ƙetare suke yi. Su ma ba su gane nata ba.

Abin da ta yi shi ne abin da yawancin yara a irin wannan hali ke yi. Ta ɗauka nata ne ba daidai ba. Ta koyi na fararen, ta ajiye nata sai idan tana tare da 'yan uwanta.

Wannan yarinya ita ce ta zama farfesa a Jami'ar Gallaudet da ke Washington, jami'ar kurame da aka kafa a 1864. Ita da abokan aikinta uku, Ceil Lucas da Robert Bayley da Joseph Hill, sun zagaya jihohi shida na kudu suna ɗaukar bidiyon hirar kurame baƙaƙen fata, tsofaffin da suka yi karatu a zamanin wariya da kuma matasan da suka zo bayansu. A 2011 suka fitar da littafin da ya tabbatar cewa abin da ake kira Black ASL karin harshe ne mai zaman kansa, ba gurɓataccen ASL ba.

Bambance-bambancen da suka gano a bayyane suke ga mai lura. Kurame baƙaƙen fata sun fi amfani da hannu biyu a kalmomin da farare ke yi da hannu ɗaya. Suna buɗe hannuwansu sosai, filin da suke magana a cikinsa ya fi faɗi. Kalmomin da asalinsu a goshi ake yin su, kamar kalmar "sani", su suna kai hannun har goshin, yayin da wasu ke sauke shi zuwa kumatu. Suna yawan maimaita kalma don ƙarfafa magana. Matasansu kuma suna shigar da salon Turancin baƙaƙen Amurka cikin maganar hannunsu. Ban da wannan, akwai kalmomi da yawa da suka bambanta ɗungurungum, wasu ma daga makaranta zuwa makaranta.

Wani abin mamaki da binciken ya nuna shi ne, ta fuskoki da dama yaren baƙaƙen ya fi kusa da ASL na asali fiye da na fararen. Yadda aka yi haka yana da tarihi.

A 1880 aka yi wani babban taron malaman kurame a birnin Milan na Italiya, inda aka yanke cewa a daina koyar da kurame da hannu, a tilasta musu koyon furuci da karanta leɓe. Kusan duk mahalarta taron masu ji ne. Wannan ra'ayi ya mamaye makarantun fararen fata a Amurka tsawon shekaru, har ana hukunta yaro idan an kama shi yana magana da hannu a aji. Su kuwa makarantun baƙaƙen fata hukumomi ba su damu da su ba. Ba a kashe musu kuɗi, ba a tura musu ƙwararrun malaman furuci. Sai aka bar su suna ta maganarsu da hannu. Sakacin da aka yi da su shi ya kare musu yarensu.

Kada a ɗauka wannan wata garaɓasa ce. Makarantun ba su da isassun littattafai da kayan aiki, da yawa an fi mayar da hankali kan koya wa yara noma da wanki da ɗinki da gyaran takalmi fiye da karatu, kuma wasu ba sa kai ɗalibi matakin kammala sakandare. An ci riba a yare, an yi asara a ilimi.

Uwar da ta kai ƙara

A Washington kanta, a harabar Gallaudet akwai makarantar yara kurame mai suna Kendall. Tun 1905 aka daina karɓar yara baƙaƙen fata a cikinta, ana tura su wata makaranta a jihar Maryland. Wata uwa mai suna Louise Miller ta nemi a karɓi ɗanta Kenneth, aka ƙi. Ita da mijinta suka kai shi makaranta a jihar Pennsylvania da kuɗinsu, sannan a 1952 ta shigar da ƙara tare da wasu iyaye.

Ta yi nasara, shekara biyu kafin hukuncin Kotun Ƙoli da duniya ta fi sani. Kotu ta ce ba za a fitar da yara baƙaƙen fata daga birnin don neman ilimin da ake ba farare a cikinsa ba. Sai dai maimakon a haɗa yaran, sai aka buɗe wa baƙaƙen sashe na daban a harabar, da gini daban da malamai daban. Sai a 1954 aka rufe sashen.

Ɗaliban wannan sashe ba su samu takardar shaidar kammala sakandare ba. A watan Yulin 2023, bayan kimanin shekara 70, jami'ar ta shirya musu bikin yaye ɗalibai, ta ba su takardun su 24, ta kuma nemi afuwa. Mafi yawansu sun riga sun rasu, 'ya'ya da jikoki ne suka karɓa a madadinsu. Kenneth Miller yana cikin 'yan ƙalilan da suka karɓa da hannunsu.

Ba a can, ba a nan

Mai karatu zai iya zaton cewa tunda kurame duk matsala ɗaya ke damunsu, za su rungumi juna. Tarihi bai nuna haka ba. Babbar ƙungiyar kurame ta ƙasar, wadda aka kafa a 1880, ba ta buɗe ƙofarta ga baƙaƙen fata ba sai a 1965. Kulob-kulob na kurame, inda ake haɗuwa a yi hira a samu aiki a samu abokin aure, su ma a rarrabe suke a garuruwa da dama.

A ɗaya ɓangaren kuma, gwagwarmayar neman 'yancin baƙaƙen fata da baki aka yi ta, da huɗubobi a coci da jawabai da waƙoƙi, galibi ba tare da tafinta ba. Kurma baƙar fata yana iya shiga jerin gwano, amma abin da ake faɗa a kan mumbari ya wuce shi. Wannan hali na zama bare a gida biyu shi ya sa suka kafa ƙungiyarsu ta kansu, National Black Deaf Advocates, a 1982. A wannan shekarar ce kuma Glenn Anderson ya zama kurma baƙar fata ɗan Amurka na farko da ya samu digirin digirgir.

Har yau batun tafinta na ci musu tuwo a ƙwarya. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 1990 ta wajabta wa asibitoci da kotuna da ma'aikatu samar da hanyar sadarwa ga kurame. To amma mafi yawan tafintocin da ke da takardar ƙwarewa fararen fata ne, waɗanda ASL na makarantun farare suka koya. Idan dattijuwa kurma baƙar fata ta je ganin likita, tafintan da aka kawo mata zai iya kuskure wasu kalmominta. Wani lokaci ma yadda take buɗe hannu da motsa fuska sai a fassara shi da fushi ko rashin kunya, alhali salon maganarta ne kawai. A gaban alƙali irin wannan kuskure ba ƙaramin abu ba ne.

Mafi haɗari shi ne haɗuwa da 'yan sanda. Ɗan sanda na ba da umarni da baki, sau da yawa daga baya ko cikin duhu. Wanda bai ji ba, ana ɗaukarsa mai taurin kai. Idan ya ɗaga hannu don ya yi bayani, ko ya kai hannu aljihu don ɗauko katin da ke nuna shi kurma ne, ana iya cewa makami zai zaro. Idan kuma aka sa masa ankwa ta baya, an rufe masa baki ke nan.

A watan Satumban 2017 'yan sanda a birnin Oklahoma sun harbe Magdiel Sanchez, wani kurma ɗan asalin Latin Amurka mai shekara 35, a ƙofar gidansu. Yana riƙe da wani bututun ƙarfe, suna ta ce masa ya ajiye. Maƙwabta sun yi ta ihu suna gaya musu cewa ba ya ji. Ba a tuhumi 'yan sandan ba.

Su kurame 'yan asalin Latin Amurka suna da wani nauyin na daban: a gida ana Sifaniyanci, a makaranta ana rubutu da Turanci, da abokai ana ASL, wasu kuma sun zo da yaren kurame na ƙasarsu kamar na Meziko, wanda shi ma daban ne. Jajayen Indiyawa, wato 'yan asalin ƙasar, suna da tsohon yaren hannu da ƙabilunsu ke amfani da shi tun kafin zuwan Turawa, masu ji da marasa ji, amma yanzu masu iya shi sun yi ƙaranci ƙwarai.

Wayar hannu ta fito da su

A 'yan shekarun nan abubuwa sun ɗan sauya. A 2020 wata matashiya daga Texas, Nakia Smith, wadda kurumta ta daɗe a zuriyarsu, ta riƙa saka bidiyo a TikTok tana hira da kakanninta da Black ASL, miliyoyin mutane suka kalla. A shekarar ce Gallaudet ta buɗe cibiyar nazarin rayuwar kurame baƙaƙen fata, McCaskill ce shugabarta ta farko. Lauren Ridloff ta fito a fim ɗin Eternals na kamfanin Marvel a 2021. A 2023 kuma Justina Miles ta fassara waƙoƙin Rihanna da hannu a wasan Super Bowl, har wasu suka ce ta fi mawaƙiyar jan hankali.

Ni dai ina ganin bai kamata wannan farin jini ya rufe wa mutane ido ba. Waɗanda suka fi iya tsohon yaren su ne dattawan da suka yi makarantun wariya, kuma kullum raguwa suke yi. Kalmomin da aka ƙirƙira a Raleigh ko Talladega, idan ba a ɗauke su a bidiyo ba, da masu su za a binne su. Akwai kuma ƙorafin da kurame da kansu ke yi, cewa masu ji na kwasar 'yan kalmomi daga intanet su buɗe ajin koyarwa su samu kuɗi, masu yaren kuwa ko oho.

Daga Alabama zuwa Kaduna

Wannan labari bai tsaya a Amurka ba, ya iso har ƙofar gidanmu.

An haifi Andrew Foster a Alabama a 1925. Yana ɗan shekara 11 cutar sanƙarau ta kama shi, ya tashi ba ya ji, abin da duk wanda ya taso a Arewa ya san irinsa. Ya yi karatu a makarantar kurame baƙaƙen fata ta Talladega, garin da McCaskill ta yi nata daga baya. A 1954 ya zama ɗaya daga cikin baƙaƙen fata na farko da suka samu digiri a Gallaudet.

Foster ɗan mishan ne, kuma burinsa Afirka. A 1957, shekarar da Ghana ta samu 'yanci, ya buɗe makarantar kurame a Accra. A 1960 ya buɗe wata a Ibadan, daga baya Kaduna da Enugu. Kafin ya rasu a hatsarin jirgin sama a Ruwanda a watan Disambar 1987, ana lissafa masa makarantu 32 a ƙasashe 13, ciki har da Chadi da Kamaru. Ya horar da malamai kurame, ya tura wasu karatu Gallaudet. Shi ya sa yaren da ake koyarwa a makarantun kurame na Najeriya da Ghana yake da tushe a ASL, kuma shi tafintocin da muke gani a gefen allon talabijin ke amfani da shi.

Amma Foster bai tarar da kuramen Afirka ba su da magana ba. A ƙasar Hausa akwai maganar hannu, wadda wasu ke kira maganar bebaye, tun kafin a san makarantar boko. Da ita kurame ke ciniki a kasuwa, da ita suke hira a majalisarsu, kuma masu ji da yawa, musamman 'yan kasuwa da maƙwabta, suna iya ta gwargwado. Wata Bajamushiya mai binciken harsuna, Constanze Schmaling, ta zauna da kurame a Kano ta nazarci yaren, ta wallafa littafi a kansa a shekarar 2000, inda ta nuna yana da tsarinsa da ƙa'idojinsa.

Yau yaron da aka kai makarantar kurame, kamar ta Tudun Maliki a Kano, yakan dawo gida da kalmomin ASL da haruffan Turanci a yatsunsa, yayin da dattijon kurman da ke unguwarsu maganar hannu ta gado ya sani. Suna fahimtar juna, suna ma aron kalmomi daga juna, amma ɗaya ake yi wa kallon yaren masu ilimi. Tafintan da za a kira asibiti ko kotu, idan ma an samu, yawanci na makaranta ya koya, alhali kurame da dama a karkara ba su taɓa shiga aji ba. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman da aka sanya wa hannu a Najeriya a watan Janairun 2019 ta tanadi samar da hanyar sadarwa ga kurame a asibitocin gwamnati. Wanne yare tafintan zai yi wa matar da aka kawo daga ƙauye tana naƙuda, wannan tambaya ce da har yanzu take jiran amsa.